Sharhi kan kamfanin da ke kwashe sharar gida yana mayar da ita taki

Shekara guda ke nan cur da na yi rajista da wani kamfani mai zaman kansa da ke bi gida-gida yana kwashe sharar da ke ruɓewa, wato ragowar abinci da ɓawon kayan lambu da ganyayen da aka share, ya kai ta masana'antarsa ya mayar da ita taki, sannan ya dawo wa kowane mai rajista da kasonsa sau biyu a shekara. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin a cikin bayanin nan akwai yabo akwai kuma suka, kuma abin da na gani a wurinsu yana iya faruwa a hannun duk mai irin wannan sana'a. Na karɓi taki har sau biyu, na kuma ziyarci masana'antar sau ɗaya a ranar da suka buɗe ta ga masu hulɗa da su. Hukuncin da na yanke shi ne, mutanen nan sun iya hura wa shara wuta, amma idan buƙata ta yi musu yawa sukan sauke tukunyar tun kafin ta nuna.

Abin da ya sa na shiga tsarin tun farko ba sha'awar taki ba ce kaɗai. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa duniya ta tara sharar birane tan biliyan 2.01 a shekarar 2016, kuma kashi 44 cikin ɗari na wannan shara abinci ne da ganyaye, wato abin da ke ruɓewa. Idan aka jibge irin wannan shara a juji aka danne ta da wata, iska ba ta shigarta, sai ƙwayoyin halittar da ke rayuwa ba tare da oksijin ba su mamaye ta, su riƙa fitar da iskar metan shekara da shekaru. Metan kuwa, idan aka auna tasirinta a tsawon shekara ɗari, ta ninka iskar kabon wajen ɗumama duniya kusan sau 28. Ban da wannan, akwai baƙin ruwan da ke tsatsafowa daga ƙarƙashin juji ya bi ƙasa ya gurɓata ruwan da ke cikinta. Haɗa taki ruɓewa ce ita ma, sai dai ruɓewa ce da ake yi a cikin iska, ƙarƙashin kulawa, inda abin da ke fita shi ne zafi da tururi da iskar kabon.

Ta fuskar kwashewa ba ni da ƙorafi mai yawa. Sun ba ni ƙaramin bokiti na kicin da babba mai murfi da makulli na waje, kuma motarsu tana zuwa sau biyu a mako. Ƙaramin bokitin yana da ƙananan huda a jikinsa, abin da na ɗauka kuskuren ƙira ne sai da na lura cewa hudojin su ne ke barin danshi ya fita, don haka sharar ba ta jiƙewa ta yi ɗoyi da wuri. Sau biyu motar ta ƙi zuwa ba tare da an sanar da kowa ba, kuma a karo na biyu, da yake lokacin zafi ne, na buɗe babban bokitin na tarar tsutsar ƙuda ta yi fari fat a ƙarƙashin murfin. Wannan sakaci ne da saƙon waya guda ɗaya zai magance, domin da na san ba za su zo ba da na rufe sharar da busassun ganye ko tsohuwar takarda, kamar yadda su da kansu suka koya mana a takardar bayaninsu.

A masana'antar ne na ga inda ƙwarewarsu take. Ana juye sharar a wani rufaffen ɗaki mai daɓen siminti, ma'aikata sanye da safar hannu su tsince abin da ido ya gani na leda da gwangwani, sannan a niƙa ta sama-sama a gauraya ta da guntayen itace da busassun ganye. Wannan gauraye shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke cin shara suna buƙatar kabon domin ƙarfi da naitrojin domin gina jikinsu, kuma sun fi yin aiki idan kabon ya ninka naitrojin sau 25 zuwa 30. Ragowar abinci tana da naitrojin da ruwa fiye da kima, itace da busasshen ganye kuwa kusan kabon ne zalla, saboda haka kowane ɗaya shi kaɗai ba ya yin taki mai kyau: na farko ya caɓe ya yi wari, na biyu ya zauna wata da watanni bai ko motsa ba. Guntayen itacen suna da wani amfanin ma, domin su ne ke hana tsibin dannewa, su bar ƙofofin da iska za ta bi.

Mutumin da ya zagaya da mu, wanda ya ce ya daɗe a wannan aiki, ya damƙi gaurayen a hannunsa ya matse shi da ƙarfi. Ruwa bai zubo ba, sai ɗan danshi da ya bayyana a tsakanin yatsunsa, kuma da ya buɗe hannun dunƙulen ya tsaya bai wargaje ba. Ya ce haka ake so, domin wannan yana nuna danshin yana tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. Idan ruwa ya ɗiga ya yi yawa, idan kuma dunƙulen ya marmashe ya yi kaɗan. Na tambaye shi, "Malam, ashe duk da na'urorin nan har yanzu da hannu kuke aunawa?" Sai ya yi dariya ya ce na'ura tana ba shi lamba sau ɗaya a mako, hannu kuwa kullum yana tare da shi.

Daga nan ake jera gaurayen a dogayen kunyoyi masu tsayi da ya kusa kai kafaɗar mutum. A kwanakin farko ƙwayoyin halitta masu son matsakaicin zafi ne ke fara cin abin da ya fi sauƙin narkewa, irin su sukari da sitaci, kuma zafin da suke fitarwa yana taruwa a cikin tsibin har ya zarce digiri 45 a ma'aunin Salshiyas, inda su da kansu ba za su iya jurewa ba, sai masu son zafi mai tsanani su karɓi aikin. A gabanmu aka soka dogon ma'aunin zafi a cikin wata kunya, allurar ta haura ta tsaya a kan 62, kuma da injin juyawa ya ratsa ta sai tururi ya turnuƙe kamar an buɗe tukunya. Wannan zafi shi ne ke kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. Ƙa'idar da masana'antu da yawa ke bi ta samo asali ne daga dokar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa a 1993 domin taɓon najasa, wadda ta ce idan a kunya ake haɗa taki sai zafin ya kai digiri 55 ko fiye na tsawon kwana 15, a kuma juya shi aƙalla sau 5 a wannan lokaci, idan kuwa a rufaffen mazubi ne ko a tsibin da ake hura wa iska ta ƙasa, kwana 3 sun isa. Dalilin juyawar shi ne gefen kunya ba ya yin zafi kamar tsakiyarta, don haka dole a riƙa mayar da na waje ciki. Sun nuna mana littafin da suke rubuta zafin kowace kunya kullum, kuma na duba shafuka da dama ban ga gurbin da aka tsallake ba. Na kuma lura suna juya kunya idan zafinta ya doshi 70, abin da ke nuna sun san cewa zafi idan ya wuce gona da iri yakan kashe ƙwayoyin halittar da ke yin aikin. A wannan mataki ban ga abin kushewa ba ko kaɗan.

Ba sabuwar dabara ba ce, ko da yake injuna sun sauya mata kama. Tun a shekarun 1920 wani masanin noma ɗan Ingila mai suna Albert Howard ya tsara hanyar jera ragowar tsirrai da kashin dabbobi hawa-hawa ana juyawa a garin Indore na ƙasar Indiya, kuma a shekarun 1970 masu bincike na ma'aikatar noma ta Amurka a Beltsville suka fito da hanyar hura iska ta bututu a ƙarƙashin tsibi ba tare da juyawa ba. Kamfanin nan yana bin hanyar farko ne, kuma ga yawan sharar da yake karɓa ina ganin zaɓin ya dace.

Batun wari ya fi yadda na yi tsammani sauƙi. Iskar ɗakin juye shara ana zuƙo ta ne a tura ta ta cikin wani faffaɗan gado na jiƙaƙƙun guntayen itace, inda ƙwayoyin halitta ke cinye abin da ke sa ɗoyin kafin ta fita. A wajen kunyoyin kuwa na ji zarni a wuri ɗaya, alamar amoniya, wato iska mai ɗauke da naitrojin, tana tserewa daga tsibin da naitrojin ya yi wa yawa, kuma wannan asara ce biyu, domin abin da hanci ke ƙi shi ne abin da shuka ke so.

Kason farko da aka kawo mini ya yi kyau ƙwarai. Baƙi ne mai ratsin ruwan ƙasa, yana marmashewa a hannu, sanyi ƙalau, ƙamshinsa kuma irin na ƙasar da ruwan sama ya taɓa, kuma in ban da ɗan ɓawon ƙwai da guntun itace ba ka iya gane daga me aka yi shi. Na gauraya shi da ƙasar tukwanen shuke-shukena, na kuma ga bambanci wajen riƙe ruwa, domin ƙasar da a da take bushewa ta tsattsage a yini guda sai ta koma tana kaiwa kwana biyu da laima. Ya kamata mai saye ya san cewa irin wannan taki ba ya maye gurbin takin zamani buhu da buhu, domin naitrojin ɗin da ke cikinsa yawanci bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba, kuma a hankali yake sakinsa. Babban amfaninsa gyaran jikin ƙasa ne. Takardar tallan kamfanin ta ɗan yi zuzutawa a wannan wuri, amma ba ta kai ga ƙarya ba.

Kaso na biyu shi ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Da na kwance bakin buhun na sa hannu sai na ji ɗumi, ga zarni yana tashi, ga kuma wani tsami-tsami a ƙarƙashinsa. Takin da ya nuna ba ya yin ɗumi a cikin buhu, domin ɗumi shaida ce cewa ƙwayoyin halitta suna nan suna cin abinci, wato aikin bai ƙare ba. Bayan matakin zafi akwai mataki na biyu wanda ba shi da tururi ko wani abin kallo, inda ake tara takin a bar shi ya huce na tsawon makonni ko watanni, fumfuna da sauran ƙwayoyin halitta masu aiki a hankali su narkar da abin da ya rage mai tauri, amoniya ta rikiɗe ta zama naitret wanda saiwa ke iya sha, sinadarai masu tsami kuma su gushe. Wannan mataki ba ya buƙatar komai sai fili da lokaci, kuma su ne abubuwa biyu da masana'anta ke ƙarancinsu idan masu rajista suka ƙaru. A ranar ziyara ma na lura filin da aka keɓe domin nunar taki ƙarami ne idan aka kwatanta da na kunyoyi, amma ban kawo komai a raina ba sai da buhun nan ya iso.

Don kada in yanke hukunci da hanci kawai, sai na yi ɗan gwaji a gida. Na cika tukwane biyu, ɗaya da ragowar takin farko gauraye da ƙasa, ɗaya da na biyu a daidai wannan ma'auni, na shuka irin ganye mai saurin tsiro iri ɗaya a cikinsu. A tukunyar farko kusan duk suka fito, a ta biyu kuwa waɗanda suka fito ba su kai rabi ba, su ma gajeru ne, ganyensu ya yi rawaya, da na tuge ɗaya kuma na ga saiwar ta tsaya guntuwa bakinta ya ƙone. Dalilin sananne ne. Ɗanyen taki yana ɗauke da amoniya da sinadarai masu tsami da ke ƙona saiwa, sannan ƙwayoyin halittar da ke ci gaba da cinsa a cikin ƙasa suna kwashe oksijin da naitrojin ɗin da shuka ke buƙata, sai mutum ya zuba taki amma shukarsa ta nuna alamun yunwa. Masana'antu suna da hanyoyin auna wannan tun kafin su ɗura a buhu. Akwai gwajin da ake zuba taki a cikin tulu mai riƙe zafi a ga iyakar ɗumin da zai yi da kansa, wanda a Jamus ake raba sakamakonsa zuwa mataki 5, na huɗu da na biyar su ne takin da ya nuna. Akwai kuma auna yawan oksijin ɗin da taki ke shaƙa a cikin kwana 4, da gwajin tsiron iri kamar wanda na yi amma bisa tsari. A jikin buhun kamfanin nan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sakamako, babu ma ranar da aka fara haɗa takin.

Aibi na biyu ya fi wannan damuna, domin ɗanyen taki haƙuri yana gyara shi, wannan kuwa ba ya gyaruwa. Da na tankaɗe kaso na biyu da rariya, abin da ya rage a kai ya haɗa da ƴan gutsattsarin leda masu launi, da ƙananan takardun roba da ake mannawa a jikin ƴaƴan itace, da ɓarɓashin kwalba guda uku, ɗaya har ya kusa yanka mini yatsa. Na bincika sai aka shaida mini cewa kamfanin ya fara karɓar shara daga wasu manyan wuraren da ba sa rarrabe ta da kyau, yana haɗa ta da tamu. A nan ne ya kamata a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Kwantar da shara, wato a ruɓar da ita har ta daina fitar da metan da ɗoyi kafin a binne ta, abu ne daban, haɗa takin da za a kai gona kuma abu ne daban. Na farko ana iya yin sa da shara cakuɗaɗɗiya, injuna su tace ta sannan a ruɓar da abin da ya rage, kuma ƙasashen Turai sun rungumi wannan hanya bayan dokar Tarayyar Turai ta 1999 da ta tilasta rage sharar da ke ruɓewa a juji zuwa kashi 35 cikin ɗari na adadin 1995, har Jamus ta haramta binne sharar da ba a sarrafa ba daga watan Yunin 2005. Amma abin da ke fitowa daga irin wannan masana'anta, duk da kamarsa da taki, yawanci rufe juji ake yi da shi, domin batir guda da ya fashe a cikin shara yana iya barin ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam, waɗanda zafi ba ya kashewa rariya kuma ba ta kamawa. Leda ma injin niƙa ba ya kawar da ita, ƙara yayyanka ta yake yi har ta fi ƙarfin ido. Shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta ware sharar da ke ruɓewa tun daga inda aka samar da ita kafin ƙarshen 2023. Kamfanin da ya gina sunansa a kan shara rarrabbiya, idan ya fara sassauci a bakin ƙofa, ya ɗauki hanyar sauka daga haɗa takin gona zuwa kwantar da shara kawai alhali yana sayar da kayansa da sunan taki.

Gaskiya ita ce mu ma masu rajista muna da namu laifin. Na sha ganin bokitin wasu a bakin hanya an ɗaure sharar a cikin ledar da ba ta ruɓewa, ni kaina kuma sai da na yi watanni kafin na fara ɓare ƴar takardar da ke jikin ɓawo. Sai dai kamfanin ne ke da ikon ƙin ɗaukar bokitin da aka gurɓata, kuma ban taɓa ganin ya ƙi ɗaukar ko ɗaya ba.

Na rubuta musu ƙorafi na haɗa da hoton tukwanen biyu da na abin da rariya ta kama. Sun amsa cikin kwana uku, cikin ladabi, suka amince cewa an fitar da wannan kason da wuri saboda filin nuna ya cika, suka kuma yi alkawarin musanya mini shi. Game da kwalba da leda kuwa amsar ta zo a dunƙule, cewa suna ƙoƙarin inganta tacewa, ba su ce komai ba a kan inda sharar ta fito, kuma wannan shirun bai kwanta mini ba. Da na roƙi sakamakon gwajin ƙarafa masu guba sai aka ce za a turo, har yau ina jira.

Wanda burinsa shi ne sharar kicinsa ta daina zuwa juji, ba shi da fili ko lokacin haɗa taki da kansa, zai amfana da wannan hidima, kuma ina ba shi shawarar ya shiga. Wanda kuma takin ne ya kawo shi, musamman idan abin ci zai shuka, ya kamata ya taɓa buhu ya shinshina kafin ya karɓa, ya tankaɗe kaɗan ya gani, ya kuma nemi a nuna masa ranar haɗawa da takardar gwaji. Ni dai na sabunta rajistata na wata shida maimakon shekara. Kaso na biyun kuwa ban mayar ba: na tankaɗe shi duka, na juye shi a inuwa, na yayyafa masa ruwa na rufe da tsohon buhu, ina juya shi duk bayan mako biyu. Bayan wata biyu zarnin ya tafi, ɗumin ya sauka, irin da na sake shukawa a cikinsa kuma ya fito sosai, amma duk da haka furanni kawai na zuba wa shi, domin takardar gwajin ba ta iso ba.